Ganuwar bakteriya da kafson da muke sha barkatai

Da zarar hunturu ya kama, mura ta fara zagaya gidaje, sai ka ga an yi cincirindo a ƙofar kemis. Mai tari da mai yoyon hanci kowa na neman a ba shi kafso biyu ko uku, ya haɗiye, gobe in ya ji sauƙi ya manta da zancen. Wanda ya san yadda Allah Ya tsara jikin bakteriya zai gane cewa da wannan ɗabi'a muke dakushe kaifin makamin da muke kare rayukanmu da shi.

Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tak, kuma ƙanƙantarta ta kai a jera ɗaruruwanta a tsawon milimita ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin ta sai a 1676, lokacin da wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya leƙa ɗigon ruwa ta gilashin da ya goge da hannunsa.

Tsarin jikinta ya yi kama da birnin da. Daga waje akwai ganuwa mai ƙarfi wadda ke hana ta fashewa idan ruwa ya kwararo cikinta. A bayan ganuwar akwai siririn tantani mai aikin masu tsaron ƙofa, shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. A ciki akwai dubban ƙananan maƙeru da ake kira ribozom, inda ake ƙera furotin, sai kuma zaren gado, wato DNA, wanda yake a naɗe ba tare da ɗaki na musamman ba, saɓanin namu. Ban da shi, akwai wasu 'yan ƙananan zobba na gado da ake kira filasmid. Wasu nau'o'in, kamar mai jawo kwalara, suna da wutsiyar iyo. Mai jawo sanƙarau kuwa riga ce mai santsi gare ta, wadda ke ɓoye ta daga garkuwar jiki. Daga sinadarin wannan riga aka haɗa rigakafin MenAfriVac, da aka fara yi a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011.

A kan wannan tsari ne aikin magani ya dogara. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, yana hana bakteriya gina ganuwarta, sai ta kumbura ta fashe. Mu bai taɓa mu ta wannan hanya, domin ƙwayoyin jikinmu ba su da ganuwa. Tetarasaikilin kuma maƙerun furotin yake tsayarwa, waɗanda ƙirarsu ta bambanta da namu. To, mura fa? Mafi yawanta bairos ne ke kawo ta, shi kuwa ba shi da ganuwa, ba shi da maƙera. Saboda haka kafson da aka sha dominta bai sami abin bugu ba, sai dai ya auka wa bakteriyar da ke zaune lafiya a hanji.

Nan ɓarnar take. A yanayi mai kyau, wasu nau'o'in bakteriya na rabuwa biyu duk bayan minti 20, wato guda ɗaya na iya haura miliyan 16 cikin awa takwas. Idan magani ya kashe raunana ya bar masu taurin kai, su ne za su hayayyafa su gaje wurin. Abin da ya fi muni, sukan miƙa wa junansu filasmid mai ɗauke da dabarar jure magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba, a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya mai jure magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki kowace bakteriya a matsayin abokiyar gaba, domin masu jawo cuta 'yan kaɗan ne. Ita ce ke mai da madara kindirmo, ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. 'Yan ƙulla-ƙullan da manomi ke gani a saiwar wake da gyaɗa gidajenta ne, inda take jawo sinadarin naitirojin daga iska ta ƙara wa ƙasa albarka. Shi ya sa gonar da aka yi wake a bana kan yi wa dawa kyau baɗi. A hanjinmu ma tana taya mu narkar da abinci, tana kuma tare wa mugaye wuri.

Abin da ya rage shi ne kowa ya riƙe nasa gefen. Majinyaci ya bari ma'aikacin lafiya ya duba shi, in da hali a yi gwaji, sannan ya sha maganin yadda aka tsara masa. Mai kemis ya daina yanka katin kafso daidai kuɗin mai saye. Masu kiwon kaji da shanu su daina zuba wa lafiyayyun dabbobi waɗannan magunguna, hukuma kuma ta sa ido. In ba haka ba, za mu wayi gari taifot ko ciwon da ya biyo bayan haihuwa ya gagari duk abin da ke cikin kantin magani.