Lagireton babur na yoyo: a liƙe ko a sayi sabo? Abin da masu babur a Mada ya kamata su sani

Duk wanda ya nemi yadda ake gyaran lagireton babur a YouTube zai ga bidiyo rututu, kusan duka kan manyan babura ne. Saurayin Mada da ya duba Boxer ko Jincheng ɗinsa ba zai ga abin da ake nunawa ba, saboda babu shi. Waɗannan babura iska ce ke sanyaya su, ta cikin tsage-tsagen ƙarfen da ke jikin silinda. Lagireto sai a injin da ruwa ke sanyayawa, irin Pulsar NS200 ko KTM Duke. A karkara kuwa, inda aka fi cin karo da shi shi ne babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda da yawa daga cikin masu cc 200 zuwa sama ke aiki da ruwa. Shi ke kwasar buhunan masara da waken suya daga gona zuwa kasuwa, kuma shi ne jarin gidaje da dama.

A wannan yanki lalacewar abin hawa ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwanni, ta hana hawan babur da sayar da fetur a gundumomin Mada, Wonaka da Ruwan Ɓore, da masarautar 'Yandoto a Tsafe, saboda hare-haren 'yan bindiga. Wanda ya san hanyoyin nan ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya da yamma yana jiran inji ya huce ba ne.

Aikin lagireto ba shi da wuyar fahimta. Famfo na tura ruwa ya zagaya cikin inji ya ɗebo zafi, ya bi ta tiyo zuwa siraran bututai, iska ta buge su, ya koma a sanyaye. Sirrin yana wurin murfi. Tsurar ruwa na tafasa a digiri 100. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwan sanyaya inji, wato kulan, sai ya kai wajen 107. Murfi mai lamba 1.1 a samansa yana riƙe matsi har ruwan ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an samu huda, ko da ta kan allura ce, matsin ya tafi, ruwan ya soma tafasa da wuri, ya yi ta ƙarewa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ga lodi ga yashi, abin ba ya ɗaukar lokaci.

Sai dai ba kowane ɗigo ne laifin lagireto ba, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Sau da yawa tiyo ne ya tsage a bakinsa, ko zoben ƙarfen da ke matse shi ya saki, ko robar murfi ta mutu. Waɗannan gyaran 'yan kuɗi kaɗan ne. Hanyar ganewa: a bari inji ya huce sarai, a wanke wurin, a goge ya bushe, a cika ruwa, a tayar, sannan a haska fitilar waya a bi a hankali. Kulan yakan bar busasshen tabo kore, ja ko fari a inda yake fita. Idan ɗigon daga wata 'yar huda ce a ƙarƙashin famfon ruwa, robar cikin famfon ce ta ci. Idan kuwa ruwa na ƙarewa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Sabon lagireto ba zai yi maganin wannan ba.

Ba a buɗe murfi inji na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tsartuwa ne kai tsaye zuwa fuska da hannu.

In an tabbatar lagireton ne, sai a duba da me aka yi shi. Na da, na tagulla, dalma na kama shi, kuma tsofaffin masu gyaran lagireton mota sun iya wannan aiki tun fil azal: su toshe bakunan, su hura iska, su tsoma shi cikin ruwa, inda kumfa ta fito nan ne ciwon. Na yanzu kusan duk alminiyum ne, wanda dalmar yau da kullum ba ta kamawa. Yana son waldar agon da hannun da ya saba, domin bututan siraran gaske ne, wuta kaɗan ta yi yawa sai huda ɗaya ta zama uku. Ƙaramar hudar da tsakuwa ta yi ana iya liƙe ta da gam ɗin nan mai haɗi biyu, muddin an kankare wurin, babu maiƙo babu danshi, kuma an bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalin. Bututu ɗaya da ya lalace ana iya matse shi a toshe, a ci gaba da aiki da sauran. Amma kowane bututun da aka kashe ya rage sanyaya, kuma mai ɗaukar buhu goma a rana tsaka ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita.

Sauyawa ta fi idan yoyon yana gaɓar da bututai suka haɗu da tanki, ko tankin roba ne ya tsage, ko ana liƙe nan can na ɓullowa. Wannan na ƙarshe alama ce ta cewa ƙarfen ya ruɓe daga ciki, galibi saboda shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya ko na burtsatse. Irin wannan ruwa na barin farin dafi kamar na gindin butar shayi, yana toshe bututai, ga shi babu sinadarin hana tsatsa da ke cikin kulan. In babu kulan, gara tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba.

Dabarun bakin hanya kuma, irin su fasa ɗanyen ƙwai ko zuba garin barkono a ciki, sukan tsayar da ɗigo na ɗan lokaci, shi ya sa ba su mutu ba. Amma abin da ya toshe huda zai toshe bututu, kuma hanyoyin ruwan babur sun fi na mota ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wanda ya yi hakan don ya fita daga daji ya isa Kwatarkwashi ko Gusau ba a ga laifinsa ba, amma washegari sai a zubar a wanke.

Wajen sayen sabo waya ta fi amfani. Baburan ɗaukar kaya na China sunayensu barkatai ne, kuma suna ɗaya na iya zuwa da lagireto iri biyu. Kafin a tura kuɗi Gusau ko Kano, a cire tsohon, a auna tsawo da faɗi da kauri, a ɗauki hoton inda bakunan tiyo da ƙusoshin ɗauri suke, da wurin da fanka ke zama, a aika ta WhatsApp, a kuma nemi mai shago ya turo hoton nasa da awo a jiki. A haɗa da sabon murfi mai lamba iri ɗaya da tsohon. Bayan an ɗaura, a bar inji na aiki murfi a buɗe tun yana da sanyi har kumfar iska ta daina fitowa, a ƙara ruwa, a rufe, a jira a ga fanka ta tashi da kanta.

Tsohon kulan da aka zubar kada a bar shi a kwano a tsakar gida. Yana da zaƙi, guba ne kuma, yana lalata ƙoda, kuma yaro ko akuya ba su san bambanci ba. Lokacin sussuka da hunturu, ƙaiƙayi da ƙura na liƙe fuskar lagireto har iska ta kasa ratsawa. A riƙa wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don ruwan injin wankin mota yana lanƙwasa siraran ganyayen.