Ko Kun Sani? Laka Ba Ta Kai Ƙarshen Ƙashin Baya Ba

Lakar da ke cikin ƙashin bayan babban mutum ba ta sauka har ƙugu ba. Tsawonta kusan santimita 45 ne, kuma tana ƙarewa ne a wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙasan baya, ɗan ƙasa da haƙarƙarin ƙarshe. Daga nan sai jijiyoyi zalla, sun zubo kamar gashin wutsiyar doki, suna shawagi cikin ruwa. Su ne ke ɗauko saƙon zafi, sanyi da taɓawa daga ƙafafu da mara, su miƙa wa laka, ita kuma ta haura da shi ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa idan za a yi wa mace tiyatar haihuwa, a Asibitin Tarayya na Keffi ko wani babban asibiti, ake sa ta sunkuya a soka allurar kashe zafi a ƙasan bayanta, inda babu laka. Maganin ya tare saƙon tun kafin ya hau, sai a ciro jariri tana farke ba ta jin zafin wuƙa. A nan kuma ake ɗiban ruwa don gwajin sanƙarau.

Dalilin da ya sa laka ba ta kai ƙasa ba kuwa, a wata na 3 na ciki lakar ɗan tayi kan cika ramin ƙashin baya gaba ɗaya, amma ƙashi ya fi ta saurin girma, sai ya bar ta a sama.