Jakar Cefane Ɗaya Ta Fi Leda Dubu

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon mun leƙa wani abu da kowa ke riƙewa kullum amma ba ya tsayawa ya yi tunani a kansa, wato baƙar leda. A sayi tumatur a ba mu leda, a sayi gishiri a ƙara wata, ƙosan safe ma a leda yake zuwa. Mai shago ba ya karɓar ko kwabo a kanta, shi ya sa muke ganin kyauta ce. Mu kuwa a ƙungiyarmu ta 'yan jarida muna ganin akwai inda muke biyan kuɗinta.

Daga sinadaran ɗanyen mai da iskar gas ake yin leda, don haka ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana da iska suna kekketa ta ne kawai ta koma ƙananan gutsattsari, ta ci gaba da zama cikin ƙasa shekara da shekaru. A ce gida ɗaya yana karɓar leda 5 a rana. A shekara ya tara 1,825 ke nan. To, ku ƙirga gidajen Kakangi.

Ina suke tafiya? Wasu suna komawa juji. Da bazara a kwashe jujin a kai gona a matsayin taki, leda ta bi, ta hana ruwa ratsa ƙasa, ta tare saiwar masara da dawa. Wasu kuma awaki da shanu ne ke haɗiye su, saboda ɗanɗanon gishiri ko mai da ya rage a jiki. Cikin dabba ba ya narkar da leda. Sai ta dunƙule a tumbi, dabbar ta rage cin abinci, ta rame alhali cikinta a kumbure. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa idan sun yi fiɗa. A ƙasar Birnin Gwari, inda noma da kiwo su ne arzikinmu, akuya ɗaya na iya zama kuɗin makarantar wani a cikinmu. Ragowar ledojin su ne ke toshe magudanan ruwa da damina, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Ƙona su ko hura wutar girki da su ma ba mafita ba ce, domin hayaƙin yana cutar da huhu.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Bangladash ta haramta ledar cefane a 2002, bayan an gano tana toshe magudanan ruwa tana ƙara munin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya kuma a 2017.

Mu ba sai mun jira doka ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kafin zuwan leda, iyayenmu da kakanninmu da kwando da sanho da ƙwarya suke zuwa kasuwa. Yau ma ana iya saƙa jaka da kaba. Tela zai ɗinka mai hannu biyu da ragowar atamfa ko tsohon buhun shinkafa, kuɗin kuma ya tsaya a garinmu.

Sai dai akwai sharaɗi. Ita ma jakar an ci kaya da aiki wajen yin ta, har fiye da leda guda. Amfaninta yana fitowa ne idan an yi ta zuwa kasuwa da ita wata da watanni. Wadda aka rataye a ƙusa aka manta ba ta rage komai ba. A riƙa wanke ta ana shanyawa, nama da manja da koko kuma a je musu da kwano mai murfi.

Yawancin aiken gida mu ɗalibai ake yi wa. Saboda haka idan Inna ta miƙo kuɗin cefane gobe, mu ɗauki jaka tun daga gida. Idan mai shago ya zaro leda, mu ce masa, "Baba, bar ta, na zo da tawa."