Haɗa Kantar Rediyo da Talabijin a Gida: Sanin Halin Katako Kafin a Ɗauki Zarto

Shekarun baya na sa wani kafinta ya yi mini kanta domin in jera kayan sauti da na kallo a falona, watau amfilifaya da na'urar faifai da dikoda da sauran tarkace. Ranar da aka kawo ta kowa ya yaba, domin ta sha fenti tana ta walƙiya. Damina ɗaya da hunturu ɗaya kawai ta yi, sai ga hawan tsakiya ya lanƙwashe kamar baka, har ya sauka a kan amfilifayar da ke ƙarƙashinsa ya toshe mata kafofin shan iska. Ban ankara ba sai da na'urar ta ƙone. Kuɗin gyaranta ya ninka kuɗin kantar. Da fari na ɗora wa kafintan laifi, amma da na zauna na yi nazari sai na ga rabin laifin nawa ne. Ni na ba shi awo, kuma ni ne nake shiga aji ina koyar da yadda jikin itace yake, amma ban yi aiki da ilmin ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa ɗalibi yadda zai haɗa irin wannan kanta da hannunsa, tare da dalilin kimiyya da ke bayan kowane awo. Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, katako ba ya zama wuri ɗaya don an sare shi an kafa masa ƙusa. Yana shan ruwa, yana bushewa, yana gajiya da kaya, kuma abinci ne ga wasu halittu.

Mene ne katako?

Idan aka yanko siririn katako aka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga ashe tarin ƙananan bututu ne da zaruruwa, jere da juna kamar an ɗaure damin kara. Waɗannan bangayen ƙwayoyin halitta ne da suka mutu. Lokacin da bishiyar ke raye, ta cikin wasu daga cikinsu ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, wasu kuwa aikinsu riƙe nauyin bishiyar. An gina bangayen da sinadarin selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen katako, sai kuma liginin wanda ke manne su kamar yadda siminti ke riƙe rodi.

Selulos yana da son ruwa ƙwarai. Idan iska na da laima sai ya tsotsa, bangayen su kumbura. Idan iska ta bushe sai ya saki ruwan, su tsuke. Mu da ke zaune a arewacin Nijeriya wannan al'amari ya fi shafarmu, saboda tazarar da ke tsakanin yanayinmu biyu. Da hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan haura kashi 70. Katakon da ke cikin ɗaki yana bin wannan canji sau da ƙafa: ruwan jikinsa zai iya sauka zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari da rani, ya koma wajen kashi 15 da damina. Shi ya sa ƙofar da ke buɗewa salin-alin a watan Janairu take cijewa da damina. Falanki mai faɗin santimita 40 zai iya ƙaruwa ko ya ragu da milimita 5 zuwa 10, gwargwadon irin itacen.

Abin lura shi ne wannan motsi ba daidai yake ta kowace fuska ba. Ta tsawon zaruruwan kusan babu shi, a faɗi da kauri yake faruwa. Ko a faɗin ma, tsukewar da ke bin zagayen bishiyar ta kai kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan bambanci ne ke sa falanki ya ƙoƙe ko ya murɗe. Ga kuma wata matsalar: yawancin katakon kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, wani ma da ɗanyensa. Wanda ya saya ya hau aiki a ranar, to, bushewar za ta same shi ne bayan an gama. Saboda haka a jingine katako a inuwa na wasu makwanni, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki domin iska ta ratsa.

Filawud dabara ce ta kauce wa wannan hali. Ana fere gungume ya zama siraran fallaye, a manne su ta yadda zaruruwan kowane falle za su gitta na wanda ke ƙarƙashinsa, kuma yawan fallayen kan kasance mara ne, uku ko biyar ko bakwai. Duk fallen da ya so kumbura a faɗi, maƙwabcinsa zai riƙe shi. Don haka na fi son filawud a wannan aiki. Allon nan da ake yi da garin katako da gam yana da araha da kyan gani, amma da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya ruguje, kuma ya fi kowanne saurin lanƙwasa.

Lissafin lanƙwasa

Wani masani ɗan ƙasar Ingila, Robert Hooke, shi ne ya fara duba ɓawon wata bishiya da madubin ƙara girma ya ga ƙananan ɗakuna, ya buga bayaninsu a shekarar 1665. Daga nan sunan ƙwayar halitta ya samo asali a Turance. Shi ne kuma a shekarar 1678 ya bayyana ƙa'idar da ke cewa miƙewa ko lanƙwasar abu tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Ke nan malamin ilmin halittu da na fiziya duk suna da rabo a wajen mutum guda.

Idan aka ninka kaya, lanƙwasa za ta ninka. Wannan kowa zai iya hasashensa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne tasirin tsawo da kauri. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafun kanta, kaya kuma yana nan yadda yake, lanƙwasar za ta ƙaru sau takwas ne, watau biyu sau biyu sau biyu. Haka nan idan aka ninka kaurin katakon, za ta ragu sau takwas. Bari mu gwada da tsohuwar kantata. Tsawon hawanta santimita 90 ne, kaurinsa milimita 12. Da na rage tsawon zuwa 60, lanƙwasar za ta ragu fiye da sau uku. Da na ƙara kaurin zuwa milimita 18, za ta sake raguwa fiye da sau uku. Idan aka haɗa biyun, raguwar ta haura sau 11. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan a aji da rula da littattafai: a jera littattafai gida biyu, a gitta rula a kai, a danna tsakiyarta da yatsa, sannan a matso da littattafan kusa a sake dannawa. Daga baya a tsayar da rular a kan gefenta a ga yadda za ta ƙi lanƙwasa sam. Wannan ne dalilin da kafintoci ke manna siririn katako a tsaye a ƙarƙashin bakin kanta mai tsawo.

Akwai kuma abin da ƙa'idar Hooke ba ta faɗa ba. Katakon da aka bar wa kaya wata da watanni yana ci gaba da sunkuyawa sannu a hankali, har lanƙwasar ta iya ninka ta ranar farko, kuma jiƙa da bushewa na daɗa hanzarta hakan. Don haka kantar da ta ɗan sunkuya ranar da aka ɗora mata kaya ta riga ta faɗi jarrabawa.

Yadda za a haɗa

Fasalin da na zaɓa ba ya bukatar gwanintar kafinta. Ana bukatar filawud mai kaurin milimita 18, da dogayen rodi huɗu masu zare irin na bolti, masu kaurin milimita 16 da tsawon mita ɗaya, da noti 32 da washa 32. Cikakken filawud santimita 122 ne da 244, watau ƙafa huɗu da ƙafa takwas, kuma za a iya fitar da alluna goma masu santimita 60 da 45 daga cikinsa. Huɗu muke so, don haka ɗalibai biyu za su iya haɗa kuɗi su sayi guda. An zaɓi faɗin 60 ne saboda yawancin na'urorin sauti na gida faɗinsu wajen santimita 43 ne.

A ɗora allunan huɗu bisa juna, a matse su, a yi alama a kowace kusurwa santimita 5 daga gefe, a huda su gaba ɗaya. Wanda ya huda su ɗai-ɗai zai sha wahala, domin kuskuren milimita biyu ya isa ya karkatar da rodin. A goge da samfefa, sannan a shafa fenti ko banish a sama da ƙasa da dukkan gefuna. Mutane da yawa kan shafe saman kawai tun da shi ake gani, sai ƙasan ya riƙa shan laima shi kaɗai, allon ya ƙoƙe. Bayan ya bushe sai a zura rodin, kowane allo a riƙe shi da noti da washa a ƙasa, wasu kuma a sama. Domin a daidaita hawa, a ɗora faranti da ruwa a kai a riƙa juya notin har ruwan ya kwanta daidai, sannan a ɗaure da sifana. Amfanin wannan fasali shi ne ranar da aka sayi wata na'ura mai tsayi, juya noti kawai za a yi.

Zafi da girgiza da baƙi

Kusan duk wutar lantarkin da amfilifaya ke ja tana ƙarewa ne a matsayin zafi. Ƙalilan ce ke zama sauti. A ilmin halittu muna koyar da cewa yawancin ayyukan sinadarai na jiki kan ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Masu ƙera kayan lantarki na da makamancin wannan ƙiyasi game da kafasito mai ruwa a ciki: duk ƙarin digiri 10 yana rage masa rabin kwanansa. A garin da zafin watan Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, rufe amfilifaya cikin akwati mai ƙofar gilashi ganganci ne. Kantarmu a buɗe take ta ko'ina. Sai dai akwai cin karo a nan: amfilifaya ita ce mafi nauyi, ya kamata ta zauna a ƙasa domin kada kantar ta kife, kuma ita ce mafi zafi, ga shi iska mai zafi sama take yi. A ganina a bar ta a ƙasan, a ba ta sarari na aƙalla santimita 10 a samanta, a kuma janye kantar daga bango kamar faɗin tafin hannu.

Kada a ɗora lasifika a kan kantar. Girgizarta na bin katako ta dami na'urar faifai, kuma maganaɗisun da ke cikinta zai iya ɓata tsofaffin kasakasai. Masu kaset ɗin bidiyo na biki ko na suna su kula da wannan, su kuma lallaɓa na'urarsu, domin tun shekarar 2016 aka daina ƙera ta. Wayoyin wuta su bi gefe guda, na sauti su bi ɗaya gefen, domin a rage gurnanin da kan fito a lasifika, kuma kada a bar wayar da ta ɓare kusa da rodin ƙarfe. Akwai masu sha'awar sauti da ke cewa irin itacen kanta na canza muryar amfilifaya. Ni dai ban yarda ba. A wajen garmaho mai allura dai girgiza na shiga sauti kai tsaye.

Batun talabijin ya fi duk waɗannan muhimmanci, domin rai ne a ciki. Talabijin na zamani marar tudu ba shi da nauyi sosai, gindinsa kuma siriri ne, yaro mai tatata zai iya janyo shi ya faɗo masa. Idan ƙarami ne a ɗora shi a hawan sama a ɗaure bayansa da bango. Idan ƙafafunsa sun fi faɗin allon, a kafa shi a bango kawai.

Sauran baƙin da ba a gayyata ba. Gara irin mai gina suri ba ta iya narkar da katako ita kaɗai. Tana kai shi gida ne ta noma wani nau'in funfuna a kansa, ɗan'uwan naman kaza, shi ya ruɓar mata da shi ta ci. Tana shigowa ta tsagar daɓe, kuma takan cinye cikin katako ta bar fentin a tsaye. Ƙafar ƙarfe ba ta hana ta hawa, amma dole ta gina hanyarta ta laka a fili inda mai shara zai gani. Wanda ya fi son falanki a kan filawud ya nemi jan tsakiyar loko ko maɗaci, domin bishiya kan tara sinadarai masu korar ƙwari a tsakiyarta. Farin ɓangaren da ke bin ɓawo kuwa cike yake da sitaci, haka ma farin katakon nan marar nauyi da ake kira obece, kuma shi ƙananan ƙwari ke hudawa a ga gari na zuba. Kyankyaso shi ma yana son ɗumi da duhun cikin na'ura, kuma jikinsa ko kashinsa na iya haɗa wuta. A bar tazarar da tsintsiya za ta shiga tsakanin hawan ƙasa da daɓe.

Ga malaman da ke son aikin aji mai sauƙi, a ajiye guntun filawud ɗin da ya rage, a riƙa auna nauyinsa a farkon kowane wata, ɗalibai su zana jadawalin hawa da saukarsa har shekara ta zagayo. Za su ga ya fi sauƙi a ƙarshen hunturu. A daidai wannan lokaci ne allunan kantar ke ɗan tsukewa a kauri, notin su yi sako-sako, sai a bi su da sifana a sake ɗaurewa.