MELILOT: GANYE MAI ƘAMSHI DA KE BUKATAR KULA

Melilot, wanda masana tsirrai ke kira Melilotus officinalis, tsiro ne na ƙasashen sanyi. Asalinsa Turai da Asiya, daga baya aka kai shi Amurka da Kanada. Dangin hulba ne, ganyensa uku-uku kamar nata, furensa kuwa ƙanana ne masu ruwan ɗorawa. Yakan yi tsawon mita 1 ko fiye.

Shekara 2 yake yi a ƙasa. A ta farko ganye yake yi, yana zura saiwa can ƙasa. A ta biyu ya yi fure da iri, sa'an nan ya mutu. Masu lambu a Turai suna shuka shi domin yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa ke yi, kuma ƙudan zuma na son furensa ƙwarai. Yana son rana sosai, ba ya son ƙasa mai tsami. Ɓawon irinsa na da tauri, don haka akan ɗan goge shi kafin a shuka, kuma ba a binne shi da zurfi.

Idan ganyen ya bushe yakan yi ƙamshi mai daɗi, saboda wani sinadari da ke cikinsa mai suna kumarin. Masu maganin gargajiya na Turai sun daɗe suna amfani da busasshen ganyen da furen don nauyin ƙafafu da kumburin jijiyoyin jini, suna kuma ɗora shi a kan ƙujewa.

To, amma wajen shanya shi ne haɗarin yake. Cikin shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada. Da an yanke wa sa ƙaho ko an yi masa fiɗiya, sai jini ya ƙi tsayawa har ya mutu. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa ciyawar melilot da ta yi fumfuna ce sanadi. A 1933 wani manomi ya kai wa Karl Paul Link na Jami'ar Wisconsin mushen saniya da jinin da ya ƙi daskarewa. Bayan shekaru ana bincike aka gane cewa fumfuna ce ke mai da kumarin wani sinadari dabam, watau dikumarol, mai hana jini daskarewa. Daga nan aka samo warfarin: a 1948 ya fito a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane shi don hana gudan jini toshe jijiya. Har yau likitoci na rubuta shi, har a asibitocinmu.

Saboda haka duk wanda ya noma shi, lalle ya yanke shi ran da babu ruwa, ya baza a inuwa mai iska, kada ya tara shi da danshi. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ba dabba. Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini, da mai ciwon hanta, da mace mai ciki ko mai shayarwa, kada su sha shi. Wanda za a yi wa tiyata kuwa ya gaya wa likita idan yana shansa.