Zumunta a ƙafa take: yadda majami'a za ta kai ga talaka da wanda ba shi da kowa

Yau za mu duba wata tambaya da ta shafi maƙwabtanmu Kirista, amma amsarta ta shafi kowa a unguwa: yaya majami'a za ta karɓi talaka da wanda kaɗaici ya dama, ta yi masa hidima ba tare da ta zubar masa da mutunci ba?

Mu fara da sanin inda muke. Kirista a Nijar ƴan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ƴan Katolika suna da manyan yankuna biyu, na Yamai da na Maraɗi. An kafa na Maraɗi a 2001, kuma shi ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Kowane yanki an kasa shi zuwa abin da suke kira parwas, wato majami'ar gari ko unguwa tare da mutanen da ke ƙarƙashinta. Akwai kuma majami'un Furotesta, irin su EERN da ta samo asali daga aikin mishan na SIM. To, tunda haka lissafin yake, talakan da ke kusa da ƙofar coci a Tibiri ko Ƙonni, mafi yawan lokaci Musulmi ne. Majami'ar da ta ce ƴan cikinta kawai za ta duba, ta bar kusan dukan unguwa a waje.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Asibitin Galmi da ke jihar Tawa yana karɓar majinyata tun 1950, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta fara ne da kula da kutare, a zamanin da dangi ma ke gudun su, sannan a 2012 aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari. Ƙungiyar agaji ta Katolika, CADEV, tana aiki a ƙauyuka da dama. Amma waɗannan manyan ayyuka ne, masu likitoci da motoci. Ƙaramar majami'a mai mutum talatin ko hamsin fa, me za ta iya?

Abu na farko, ta san su wane ne. Talaucin da ke bara a bakin kasuwa kowa na ganinsa. Wanda ya fi ciwo shi ne mai ɓoye kansa. Akwai tsohuwar da ɗiyanta duk suka tafi cin rani, shekara uku ba labari, tana kwana ita kaɗai da jikoki biyu. Akwai matar da mijinta ya rasu, dangin miji suka raba gona ba ta samu komi ba. Akwai ɗalibin da ya zo daga Benin ko Togo, zazzaɓi ya kayar da shi a ɗakin haya, babu mai kawo masa ko kunu. Akwai ɗan kaso da ba a taɓa kai wa ziyara ba, da mai taɓin hankali da yara ke jifa. A wajen Gidan Rumji kuma, tun 2019 akwai iyalan da suka gudo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga. Irin waɗannan mutane ba za su zo su ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kunya ta hana wasu, rashin ƙarfi ya hana wasu, wasu kuwa suna tsoron abin da za a ce idan aka gan su a bakin coci.

Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Aikin yana farawa da mutum biyu da za su ɗauki unguwa guda, su riƙa zagayawa sau ɗaya a mako. Ƴan Katolika suna da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ke taruwa a gidaje, Furotesta kuma suna da zumuntar mata, wadda ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Mace ta je wurin mace, namiji wurin namiji. Kafin a fara, a gaida mai unguwa da limamin masallaci, a gaya musu abin da ake nufi, don kada zargi ya shiga. Idan aka je, a zauna. Minti goma na hira, a tambayi lafiyar ƙafa da labarin ɗiya, ya fi a miƙa leda daga bakin zaure a juya.

Abu na biyu shi ne yadda ake karɓar wanda ya shigo. Tun bayan ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, ana taka-tsantsan a bakin ƙofa, kuma ba wanda zai ga laifin haka. Sai dai a tabbatar mai gadi ya san bambancin tsaro da korar mai tsumma. Littafin Kirista da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan: a Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, an tsawata wa masu ba mai kyawawan tufafi wurin zama na gaba, su bar talaka a tsaye. Saboda haka a sa mutum a ƙofa wanda aikinsa kawai shi ne gaisuwa da tambayar suna. A yi addu'a da sanarwa da harshen da mutane ke ji, domin tsohuwar da ba ta shiga lakkwal ba, in aka yi komi da Faransanci, ta zo ne ta zauna cikin kaɗaici a tsakiyar taro. A gyara matakala saboda mai keken guragu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko dala.

Abu na uku, lokacin taimako. Paparoma Faransis ya ware ranar matalauta ta duniya, aka fara yin ta ranar 19 ga Nuwamba 2017, kuma kowace shekara tana faɗowa a tsakiyar Nuwamba. A 2021 ya ƙara ranar kakanni da tsofaffi, Lahadi ta huɗu a watan Yuli. Ku duba yadda ranakun nan biyu suka dace da shekarar manomi a nan. Nuwamba kaka ce, hatsi ya shigo, farashin tiya ya sauka. Yuli kuwa tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, ga noma ga zazzaɓin cizon sauro, tiya ta yi tsada. Majami'a mai hankali za ta tara a Nuwamba, ta raba a Yuli. Kowane gida ya kawo baikon hatsi gwargwadon ƙarfinsa, dami ɗaya ko tiya biyu, a zuba a rumbu guda kamar yadda ake yi a bankin cimaka. Wanda ya raba komi ranar biki don a ɗauki hoto, zai iske hannunsa wayam ranar da yunwa ta zo da gaske.

Rumbun nan kuwa yana buƙatar amana. A littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, an ba da labarin yadda aka yi gunaguni a ikilisiyar farko saboda ana tsallake wasu matan da mazansu suka mutu wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Darasin a fili yake: kada kuɗɗi da hatsi su zauna a hannun mutum ɗaya, ko da fasto ne ko fada. A sa kwamiti mai maza da mata, makulli biyu a hannu biyu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a jimilla. Sunayen waɗanda aka ba kuwa, su tsaya a cikin littafi. A kai hatsi da magariba, ba ganga ba kirari. Kada a sa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp ba da yardarsa ba.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa: ba a haɗa taimako da sharaɗin addini. Ranar da aka ce wa mai jin yunwa sai ya zo addu'a kafin a auna masa tiya, ranar aka mayar da sadaka ciniki, kuma ranar unguwa za ta rufe ƙofarta. A ba shi don yana bukata, a bar shi da imaninsa.

Sannan kada a mayar da talaka mai miƙa hannu kullum. Tsohon da ba ya iya noma yana iya tufka igiya ko koya wa yara tarihin gari. Matar da aka taimaka wa bara tana iya shiga cikin masu ziyara bana. Samarin majami'a su yi gayya a gonar wadda ba ta da mai yi mata noma, ko su yaɓe mata ɗaki kafin ruwa ya sauka, su kira samarin unguwa a yi tare. Abin da ya fi ƙarfin majami'a kuma, kamar yaro mai tamowa ko mace mai yoyon fitsari, a raka mutum likita da ƙafa, a tsaya har a gan shi.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, kuna da rabo a wannan aiki. Kuɗɗin da kuke aikowa suna sayen hatsi, amma ba sa hira da tsohuwa. Ku sa rana guda a mako ta kiran waya, ku nemi maƙwabci amintacce, ɗan coci ne ko ɗan masallaci, da zai riƙa leƙa ta ya ba ku labarin gaskiya. In za ku taimaki rumbun majami'a, ku aiko a kaka lokacin da jikka ke sayen hatsi mai yawa, ku kuma nemi a nuna muku lissafi.

Mai sauraro, ka duba unguwarku yau. Wane gida ne ba ka ga hayaƙi ya tashi ba tun jiya? Wace tsohuwa ce ba ta fito gaisuwa ba kwana uku? Ka fara da can, ka yi sallama ka shiga. Allah ya ba mu ikon riƙe juna, ya sa damina ta yi albarka.