Mutuwar Fuju'a Takan Yi Sallama

 

A watan jiya na je gaisuwar mutuwa a unguwarmu. Mamacin tela ne, bai cika shekara 50 ba, ya bar 'ya'ya bakwai. Ya fito alwalar asuba sai ya yanke jiki ya faɗi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Ikon Allah, jiya fa na gan shi yana ɗinki, lafiyarsa ƙalau." Bayan sadakar bakwai, uwargidansa tana gyaran akwatinsa sai ta tsinci katin asibiti da ƙwayoyin magani waɗanda ko rabi ba a sha ba. Ashe shekara biyu ke nan da likita ya gaya masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata guda, ya ji garau, ya ajiye, bai kuwa gaya wa kowa ba. Nan ta tuna yadda yakan dafe ƙirji in ya dawo daga kasuwa, da yawan aiken yaro kemis sayen maganin ciwon kai. Ta ce mini, "Malama, a gabana yake ciwo ban sani ba."

'Yan'uwa, ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma kuma Allah bai hana mu neman magani ba. Abin da nake so ku gane shi ne, sau da yawa mutuwar da muke kira ta fuju'a ta daɗe tana aiko da saƙo, mu ne ba mu kula ba.

A jihar Oregon ta ƙasar Amurka likitoci sun bi diddigin mutum 839, 'yan shekara 35 zuwa 65, waɗanda zuciyarsu ta tsaya farat ɗaya. A rahoton da suka buga a 2016 sun ce fiye da rabinsu kaɗan sun ji alamu a cikin makonni huɗu kafin abin ya auku. Maza galibi ciwon ƙirji ne, mata kuwa sun fi kukan ɗaukewar numfashi. Amma mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya nemi taimakon gaggawa, kuma waɗanda suka nema ɗin sun fi tsira nesa ba kusa ba. Har ila yau, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa ɗaya daga cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Dalili kuwa shi ne hawan jini ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya kwantar da mutum. A hankali yake wahalar da zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har wata rana a ji an ce wane ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Ciwon sukari ma haka yake ɓarna a ɓoye. Awo ne kaɗai ke tona musu asiri. In an auna sau da yawa an ga jini yana kai 140 bisa 90 ko fiye, to, akwai magana.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne nauyi ko ciwo a ƙirji mai sauka a hannu ko muƙamuƙi, da haki a kan ɗan ƙaramin aiki, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai, da kumburin ƙafafu, da suma, da karkacewar baki ko laushin hannu ko da na ɗan lokaci ne. Mai jego kuma ta ƙara lura, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana cewa ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa. In kin ga haki da tarin dare da kumburi, kada ki jira arba'in.

To, mene ne namu? Uwargida, in maigida ya dawo daga asibiti, ki tambaye shi cikin ladabi abin da likita ya ce, ki san inda katin yake da ranar komawa. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, sai da izinin likita. Ki ajiye masa shi kusa da abin karin kumallo. Ki hana yawan shan maganin ciwon jiki na kemis irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara hawan jini, suna kuma taɓa ƙoda. Tukunya kuwa a hannunki take. Gishirin da babba ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙule da kanwa duk cikin lissafin suke. Ke ma kanki kada ki ce sai da juna biyu za ki je awo.

Ku kuma 'yan makaranta, ga ranar karatunku. Ki karanta wa Baba da Inna abin da ke jikin kati da kwalin magani, ki rubuta ranar komawa asibiti a jikin kalanda, ki tuna musu in ta matso. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.